A Ji Ta Bakin Manomi Kafin A Buga Wani Sabon Fom

Ya kai ɗan'uwa manomi, musamman kai da kake noman shinkafa a fadamun Wushishi, ka ɗan zauna ka ƙidaya: sau nawa aka rubuta sunanka a takardar hukuma daga shekarar 2012 zuwa yau? A shekarar ce gwamnatin tarayya ta fito da shirin tallafin taki da iri ta wayar salula, wanda aka fi sani da GES, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona. An rubuta sunanka da na ƙauyenka da lambar wayarka da girman gonarka. A 2014 bankuna suka shigo da lambar BVN, aka ɗauki hotonka da zanen yatsunka. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a jihar Kebbi, kuma duk wanda ya shiga sai da ya sake cike fom, ya shiga ƙungiya, ya buɗe asusu, aka zo aka auna gona. Idan kana cikin ƙungiyoyin shirin Fadama, ko na shirin VCDP da asusun IFAD yake tallafa wa, wanda Wushishi tana cikin ƙananan hukumomin jihar Neja da suka amfana da shi, su ma da nasu littafin. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. A 2022 masu ƙidayar gonaki suka zagaya ƙasa. A ƙarshen 2023, da shigowar noman rani, shirin NAGS-AP ya zo da tasa rajistar. A tsakanin waɗannan kuma akwai fom ɗin asarar ambaliya, da na ƙungiyar manoma, da tambayoyin ɗaliban jami'a masu rubuta kundin digiri, da namu na ma'aikatan bincike.

Tambayoyin kuwa kusan iri ɗaya ne. Sunanka, shekarunka, yawan iyalinka, hekta nawa kake nomawa, buhu nawa ka samu bara. Kowa ya zo sai ya fara daga tushe, kamar ba a taɓa ganin ka ba. Amma akwai tambayoyi biyu da ba kasafai ake yi maka ba: tsawon wane lokaci wannan takarda ta ci maka, kuma wace tambaya ce a cikinta ba ta dace da yadda kake noma ba? A ganina rashin yin waɗannan tambayoyi biyu yana cikin manyan dalilan da suka sa alƙaluman aikin gona a ƙasar nan suke da rauni, duk da ɗimbin takardun da ake tarawa.

Amfanin ƙididdiga

Kada mai karatu ya ɗauka ina kushe tattara bayanai ne. Ma'aikacin bincike da ya raina ƙididdiga ya raina aikinsa. Ba za a san yawan irin shinkafar FARO 44 da ya kamata a tanada wa jihar Neja ba sai an san faɗin ƙasar da za a shuka. Ba za a san ko wata cuta tana yaɗuwa a fadamun kogin Kaduna ba sai malaman gona sun rubuta abin da suka gani. Binciken amfanin damina da cibiyar NAERLS ta Zariya take gudanarwa kowace shekara, da shi ake hasashen ko abinci zai wadata ko zai yi ƙaranci.

Akwai misalin da ya kamata kowane malamin gona ya sani. A tsakiyar shekarun 1960, wani masanin tattalin arzikin noma a Samaru mai suna David Norman da abokan aikinsa sun bibiyi magidanta a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suna komawa gidajensu a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta aikin da aka yi a gona da abin da aka samu. A wancan zamani masana da yawa suna kallon haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin ci baya. Sakamakon binciken ya nuna cewa manomin yana da hujja: haɗin yana rage masa hasara idan damina ta gaza, kuma yana biyan wahalar da ya sha a lokacin noman farko, lokacin da hannu ya fi ƙaranci. Tambayoyi ne masu yawa, sun kuma ci lokacin mutane, amma sun canza yadda ake kallon manomin Arewa a cibiyoyin bincike. Wannan ita ce ƙididdigar da ta biya wanda aka tambaya.

Haka kuma rashin ƙidaya yana da nasa illar. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba da shawarar kowace ƙasa ta ƙidaya gonakinta aƙalla sau ɗaya a cikin shekaru goma. Nijeriya ta yi irin wannan ƙidaya a 1993 zuwa 1994, ba ta sake ba sai a 2022, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da ita da tallafin Bankin Duniya. Rahoton da ya fito a 2024 ya nuna akwai gidaje kimanin miliyan 40.2 masu sana'ar noma. Watau kusan shekara talatin ana tsara manufofin noma da kintace. To, ashe matsalar ba ta ƙarancin tambaya ba ce, tun da a cikin waɗannan shekarun manomi bai huta da cike fom ba. An yi ta tambaya ne barkatai, kowa don buƙatar gabansa, abin da aka tara kuma ya tafi tare da shirin da ya tara shi.

Abin da takarda take ci

Masu tsara fom a ofis sukan ɗauka kyauta ne, tun da ba a karɓi ko kwabo a hannun manomi ba. Wanda ya zauna a karkara ya san ba haka ba ne. Mutumin Akare ko Kodo ko Maito da aka ce ya zo sakatariyar ƙaramar hukuma zai biya kuɗin babur zuwa da dawowa. Zai ɗauki hoton fasfo, ya yi hoton katinsa a shago. Zai tarar da layi. Idan rajistar ta na'ura ce, sai a ce babu sabis, ya dawo gobe. Idan sunan da ke BVN ɗinsa Muhammadu ne, na NIN kuma Mamman, ko an rubuta masa ranar haihuwa biyu mabambanta, to ya shiga wata sabuwar tafiya, wani lokaci har Minna, kafin a gyara.

Abin da ya fi duk waɗannan tsada shi ne ranar da aka zaɓa. Yini ɗaya a watan Fabrairu da yini ɗaya a watan Yuli ba ɗaya ba ne a wurin manomi. A watan Yuli da Agusta ana dashen shinkafa, ana cire ciyawa, ana zuba taki. Mu da kanmu muke koya wa manoma cewa a dasa irin shinkafa yana da kwana ashirin da ɗaya ko kusa da haka, kuma jinkirin noman farko yana rage amfani. Sa'an nan mu ne za mu aika a tara su tun hantsi har la'asar a tsakiyar wannan aiki. Mu ɗauki misali kawai: ƙungiya mai mutum 25, aka kira ta sau uku a damina ɗaya, kowane kira ya ci yini guda. An rasa yinin aiki 75 ke nan a ƙungiya ɗaya. Ƙaramar hukumar Wushishi tana da mazaɓu 11, kowace da ƙungiyoyinta. Babu rahoton da yake nuna wannan hasara, domin babu wanda aka ɗora wa alhakin lissafa ta.

Masu ƙananan sana'o'in da suke kewaye da gona kuwa nasu ya fi nauyi. Ka dubi mai injin casar shinkafa a Zungeru ko a cikin garin Wushishi da yake son ya daina sayar da shinkafarsa a buɗaɗɗen kwano, ya zuba ta a buhu mai suna. Sai ya yi rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, ya samu lambar haraji, ya nemi amincewar NAFDAC, ga kuma takardun ƙaramar hukuma. Mai shagon taki da iri yana da nasa: dokar kula da ingancin taki ta 2019 da dokar hukumar kula da iri ta shekarar nan ta 2019 duk sun tanadi rajistar masu sayarwa. Waɗannan dokoki suna da dalili mai ƙarfi, duk wanda ya taɓa sayen takin da aka cakuɗa da yashi ko irin da bai tsira ba zai shaida. Amma kowace hukuma tana neman hoto da shaidar zama da kwafin takardar da wata hukumar ta riga ta bayar. An mayar da rajistar CAC ta intanet, abin a yaba ne, sai dai wanda ba shi da kwamfuta dole ya je shago ya biya wani ya cike masa. Babban kamfanin shinkafa yana da akawu wanda aikinsa ke nan. Mai ƙaramin inji kuwa sai ya kulle shagonsa ya tafi da kansa. Matan da suke gumin shinkafa a gida, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan sana'a a ƙasar Nupe da kewayenta, da yawansu sukan ji tsawon hanyar su haƙura. Sai su zauna babu rajista, idan rance ko tallafin na'ura ya zo kuma a ce sai mai takarda.

Yadda fom yake haifar da ƙarya

Manomin wannan yanki yana da tsohon dalilin tsoron mai riƙe da alƙalami. A Zungeru, cikin ƙasar Wushishi ta yau, Gwamna Lugga ya kafa hedkwatar mulkin Arewa a 1902, kafin a mayar da ita Kaduna. A zamanin Turawa, idan an zo ƙidayar magidanta haraji ne ke biye, idan an ƙidaya shanu jangali ne. Kakanninmu sun koyi rage lissafi, Bafulatani ya koyi kora rabin garke cikin daji. An soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979 zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa, wasu jihohi suka bi baya, amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya razana.

Daga baya sai zamanin tallafi ya koyar da akasin haka. Idan an ji cewa za a raba taki gwargwadon girman gona, sai gona ta kumbura. Saboda haka gona ɗaya takan zama hekta ɗaya a takardar wanda ake zargin ɗan haraji ne, ta zama hekta biyar a takardar mai rabon taki. Kafin ya buɗe baki, manomi yana ƙoƙarin gano wanne daga cikin biyun ne ya zo masa. Idan mai tambaya bai bayyana dalilin zuwansa ba, amsar da zai samu ta dogara ne ga abin da aka zata.

Ko da manomi ya yi niyyar faɗin gaskiya, sau da yawa fom ɗin ba ya ba shi dama. Ana tambayar sa hekta, alhali shi ya san gonarsa ne da mudun irin da take ci, ko yinin da shanun huɗa suke yi a cikinta, ko damin da take bayarwa. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, kuma mutane da yawa suna musanya sunayen biyu. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take yi tare da Bankin Duniya tun 2010, wanda ake auna gonaki da na'urar GPS, da makamantansa a wasu ƙasashen Afirka, sun nuna cewa masu ƙananan gonaki sukan kintata su fiye da girmansu, masu manya kuma sukan kintata ƙasa da haka. Ana tambayar buhu nawa, ba a faɗi wane buhu ba, ba a kuma bambanta shanshera da shinkafar da aka cashe ba. Ana ba da gurbi ɗaya na amfanin gona, alhali a gonar tudu akwai dawa da masara da wake a kunya ɗaya. Ana tambayar mai gona, alhali wannan fadama ta gado ce, waccan ta aro, waccan ta haya, wata kuma a cikin filin ban-ruwa na Tungan Kawo take, wanda yake ƙarƙashin hukumar raya kogin Neja ta sama. Ɗan filin da maigida ya yanka wa matarsa kuwa, galibi ba ya shiga lissafin kowa.

Na taɓa raka wasu masu ɗaukar bayanai wani ƙauye a bakin kogi, a tsakiyar damina. Takardarsu shafi goma sha huɗu ce, da Turanci. Mai tambaya yana karantawa, ni ina mayarwa da Hausa, wani saurayi yana mayarwa da Nufanci ga waɗanda ba su ji Hausa sosai ba. Mutum na farko ya ɗauki fiye da sa'a ɗaya. Kafin azahar rabin mutanen sun sulale sun koma gona. Da yamma na ga ɗaya daga cikin matasan nan zaune a gindin mangwaro yana cike sauran takardun da kansa, domin a kan adadin fom ake biyan sa. Ban yi masa faɗa ba, don na san ba shi ya tsara takardar ba. Wani dattijo da ya jure har ƙarshe ya ce da ni, “Malam, bara ma an yi mana waɗannan tambayoyi. Ina amsar ta kwana?” Ban sami abin da zan gaya masa ba. Waɗannan alƙaluma na gindin mangwaro su ne suke shiga kwamfuta, su fito a rahoto mai kyakkyawan bango, mu kuma mu kafa hujja da su.

A nan ne kuma manoman takarda suke samun ƙofa. Duk lokacin da rajista ta yi wa mai fartanya wuya, wanda yake zaune a gari, mai lokaci da sanin ofis, shi yake riga shi shiga. Taki ya fito da sunan ƙauye, ya ƙare a kasuwa.

Abin da wasu suka yi, da abin da ya dace da mu

A Amurka an kafa dokar rage yawan takardu a 1980, aka sabunta ta a 1995. Ƙarƙashinta, hukumar tarayya da take son tattara bayani iri ɗaya daga mutum goma ko fiye sai ta sanar da jama'a a jaridar gwamnati, ta ba da kwana 60 domin a faɗi ra'ayi: shin ana buƙatar bayanin, shin lokacin da ta ƙiyasta za a ɓata wajen cikewa daidai ne, ta yaya za a sauƙaƙa. Daga nan sai ta miƙa wa ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa, a ƙara kwana 30. Idan an amince, amincewar ba ta wuce shekara uku, kuma ana buga lambar izini a jikin fom ɗin. Takardar da ba ta da wannan lamba, ba a hukunta wanda ya ƙi cike ta. Amurkawa ba su daina kukan yawan takardu ba, masu bincike a can ma sukan yi ƙorafin cewa dokar tana jinkirta musu aiki. Amma ta tabbatar da abu ɗaya mai muhimmanci, watau lokacin ɗan ƙasa dukiya ce, hukumar da za ta ci shi sai ta lissafa ta kuma ba da hujja.

Mu ma ba mu rasa dokoki ba. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta tanadi a riƙe sirrin bayanan da mutum ya bai wa masu ƙididdiga. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar tarayya, ta kuma sanya kwana bakwai na amsawa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ka haƙƙin sanin dalilin da ya sa ake karɓar bayaninka, da haƙƙin neman a gyara shi idan an yi kuskure. A shekarar 2023 ɗin kuma an sa hannu a dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wadda ta wajabta wa hukumomi bayyana sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin ba da takardunsu. Abin da ya rage mana shi ne al'adar tuntuɓar mai cike fom tun kafin a buga shi.

Ba na ganin kwaikwayon hanyar Amurka kai tsaye zai yi mana amfani. Manomin Lokogoma ba ya karanta jaridar gwamnati, sanarwar intanet kuma 'yan birni ne kawai za su amsa ta. Hanyoyinmu suna nan: rediyo, ranar kasuwa, zauren dagaci da mai unguwa, taron ƙungiya, da tsarin nan na haɗa masu bincike da malaman gona da manoma da masu sayar da kayan noma, wanda ake kira REFILS. A tarurrukan wannan tsari mukan tattauna sabon iri da maganin ƙwari, amma ba mu saba ɗora fom a kan tebur mu ce manoma su yi masa gyara ba. Alhali mun yarda cewa ba a sakin sabon iri sai an gwada shi a gonar manomi. Me zai hana a yi wa takardar tambayoyi haka? A kai ta mazaɓa ɗaya, a cike ta da mutum ashirin, maza da mata, a riƙe agogo. Tambayar da mutum biyar suka kasa ganewa a sake ta. Tambayar da mai ita ya kasa faɗin abin da zai yi da amsarta a cire ta. A fassara takardar a rubuce da Hausa, a kuma tanadi fassarar Nufanci da Gwaranci tun a ofis, maimakon a bar kowane tafinta ya fassara yadda ya ga dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Za a ce kowane shiri yana sake rajista ne domin tsohon jerin sunaye ya lalace: wasu sun rasu, wasu sun ƙaura saboda rashin tsaro, wasu tun asali na bogi ne, masu ba da rance na waje kuma suna son nasu alƙaluman na farawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai maganin jerin da ya tsufa shi ne a sabunta shi. A kawo tsohon littafi, a karanta sunaye a bainar jama'a a gaban dagaci da shugabannin ƙungiya, a soke na sokewa, a ƙara na ƙarawa. Aikin yini ɗaya ne, kuma ya fi kowace na'ura saurin tona manomin takarda, domin a ƙauye kowa ya san wanda yake shiga laka. Tun da an riga an wahalar da mutane sun sami lambar NIN, ya kamata ta wadatar wajen suna da shekaru da hoto, a tambayi abin da yake canzawa kawai. Hukumar raya aikin gona ta jihar Neja, NAMDA, ita ce ta fi cancanta ta riƙe irin wannan littafi, duk wani shiri da ya shigo jihar ya fara ta kanta. Wajibi ne kuma a tsare shi, kada ya koma jerin rabon siyasa, kada kuma lambobin wayar manoma su faɗa hannun 'yan damfara.

Sannan a dawo da amsa. Duk wanda ya kwashi bayanai a Wushishi, mu ma'aikatan bincike ne ko ɗalibai ko ma'aikatar gwamnati, bashi ne a kansa ya koma ya gaya wa mutane abin da ya gano, ko da a shafi ɗaya ne da za a karanta a taron ƙungiya: matsakaicin abin da hekta ta bayar a mazaɓarku kaza ne, waɗanda suka yi dashe a layi sun sami kaza, waɗanda suka yi watsi sun sami kaza. Manomin da ya ga amsarsa ta dawo masa da ilimi, baɗi da kansa zai nemi a auna gonarsa.

Gare ka malamin gona, da kai manomi

Malamin gona, kai ne kake tsakiyar wannan al'amari. Kai ake aiko wa takardu daga sama a ce ana son su cikin kwana uku, kai kuma manoma suke tsarewa idan takin da aka rubuta sunayensu dominsa bai zo ba. Da kowace rajistar da ba ta haifar da komai ba, mutuncinka ne yake raguwa, har ranar da za ka zo da shawara mai amfani a ƙi saurarenka. Saboda haka kada ka yi alkawarin da ba a ba ka ba domin a taru da sauri. Idan ƙidaya ce kawai, ka ce ƙidaya ce, babu rabo a bayanta. A cikin rahotonka na wata, ka ware wuri ka rubuta takardu nawa aka kawo yankinka, daga ina, sa'a nawa kowace ta ci, wace tambaya ce ta ba da wahala. Idan wa'adin da aka ba ka ba zai yiwu ba, ka rubuta haka ka mayar da fom ɗin da ba a cike ba. Gurbin da aka bari fari mai nazari zai gan shi ya yi hattara, wanda aka cike da ƙage kuwa ba shi da alama.

Kai kuma manomi, kana da ikon tambayar duk wanda ya zo maka da takarda: daga wace hukuma yake, ina shaidarsa, me za a yi da bayanin, wa zai gan shi. Idan ta hannun dagaci ko malamin gonarku ya zo, ya kuma amsa waɗannan, to ka gaya masa gaskiya, domin ƙarin da ka yi yau shi zai sa a ɗora maka rancen da gonarka ba za ta iya biya ba, kamar yadda ya faru da mutane da dama a shirye-shiryen rancen baya. Kada ka taɓa ba kowa lambar sirri ta katin bankinka, ko lambar da banki ya turo maka ta waya, ko da ya ce daga gwamnati yake. Babu rajistar manoma ta gaskiya da take buƙatar su.

Ka nemi malamin gona ya auna maka gonakinka sau ɗaya da na'ura ko wayar da take da GPS, ka rubuta girman kowace a littafi. Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa, da boko ko da ajami, ko ɗanka ya rubuta maka. Ka sa ranar shuka, da sunan iri, da buhunan takin da ka zuba, da abin da ka girbe, ka kuma auna buhu ɗaya a sikeli don ka san nauyinsa. A shafin ƙarshe, sakataren ƙungiyarku ya riƙa rubuta duk wanda ya zo ɗaukar bayani: ranar da ya zo, hukumar da ta aiko shi, tsawon lokacin da ya riƙe ku, da abin da ya ce zai biyo baya. Idan shekara ta zagayo, ku kai wannan shafi taron ƙungiyar manoma ta ƙaramar hukuma, ku ba malamin gona kwafi ya wuce da shi Minna, tare da watannin da kuka amince a riƙa zuwa muku. A yankin Wushishi, ga mai noman damina kaɗai, daga Janairu zuwa Maris ne hannu yake sakewa. Masu noman rani a Tungan Kawo kuwa lokacin nan suna cikin ruwa, sai a tambaye su nasu daban.